Fuskar da Hannuna Ya Haddace

Assalamu alaikum masu karatu. Yau ban zo da kwalliyar magana ba, idona a kumbure yake, haruffan wayar ma da ƙyar nake ganinsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗa muku komai yadda ya faru. Mai yi mini dariya ya yi, mai yi mini addu'a Allah Ya saka masa da alheri.

Sunana Ni'imatullahi. A gida Ni'ima, a makaranta Malama Ni'ima mai zane. A Takur nake, gidan iyayena, ina koyar da zane da fenti da ginin yumɓu a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a nan Dutse. Shekaruna ashirin da takwas, in kun ji wannan kun ji rabin damuwata. Ƙanwata Zakiyya da na goya a bayana, yanzu goyonta na biyu take yi.

Jibi Asabar ya kamata baffannin Muntaka su zo sa rana. Dada, mahaifiyata, ta riga ta soya cincin bokiti guda, ta sa an wanke labulen falo, an canza ledar ɗakin Baba. Ni kuwa ina zaune a bakin katifa da gawayi a yatsuna, ban san ko za su taɓa zuwa ba.

Kafin Muntaka akwai Sagiru. Dole in ambace shi ko ba na so.

Lokacin ina kwalejin ilimi, malaminmu yakan sa a samo ɗalibi daga wani sashe ya zauna a kujera mu zana shi. Sagiru ya fi kowa iya zama, sai ya yi awa biyu ko ƙifta ido bai cika yi ba, shi ya sa kullum shi ake kira. A kan fuskarsa na koyi awo. A kanta na gane cewa ido a tsakiyar kai yake ba a sama ba, tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne, kunne daga gira yake farawa ya tsaya daidai ƙasan hanci. Yana da ɗan tabo a girar hagu, inda gashi ya ƙi fitowa. Shekara biyu ina zana fuskar nan, ta fi sau ɗari, tun kafin in san ina sonsa.

Aka yi maganar aure, aka kawo lefe, aka buga kati. Sai mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, Dada ta ce mu je mu duba ta. Tana kwance kusa da taga, haske ya bugi kuncinta ɗaya, ɗayan yana cikin inuwa. Wallahi masu karatu ba rashin kunya ba ce, inuwar nan nake kallo, ina tunanin da wane fensir za a fitar da ita. Ashe na ƙura wa baiwar Allah ido har ta tsargu. Tana samun sauƙi ta ce ba za a kawo mata yarinyar da idonta yake a tsaye ba. Saura kwana goma sha biyu biki aka zo aka kwashe akwatuna. Shi kuwa ko saƙon ban haƙuri bai turo ba, bayan wata huɗu ya auri 'yar ƙanwar babarsa.

Goggo Larai, ƙanwar Baba, ita ta yi wa lamarin fassara a tsakar gidanmu, tana tafa hannu.

"Ai ga irinta nan! An kai yarinya boko ta koyo zuba wa mutane ido kamar mayya. Idon nan naki shi ya kashe miki aure, Ni'ima, kuma in ba ki sauke shi ba a gidan nan za ki tsufa."

Na yi shekara uku ba wanda ya yi sallama da ni, sai wani mai mata uku da Baba da kansa ya kora. Sannan Muntaka ya zo. Ma'aikaci ne a ma'aikatar gona, a Yalwawa yake zaune. 'Yar yayarsa Shamsiyya ɗalibata ce 'yar aji uku, ya zo ɗaukarta a mashin ya gan ni ina wanke burushi a bakin famfo. Ranar da zai fara zuwa zance Dada ta ja ni uwar ɗaka, ta riƙe hannuna biyu.

"Ni'ima, ki yi wa girman Allah. Ki kalli ƙasa. Ko me zai ce, ki kalli ƙasa. Ki yi mini alkawari."

Na yi mata. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ni kaina tsoron idona nake ji.

Wata takwas ke nan yana zuwa, Alhamis da Lahadi bayan la'asar. Ya zauna a kujerar roba a zaure, ni a tabarma, mayafina har goshi. Na san takalmansa duka uku. Na san ƙafarsa in ya fito daga gona, na san ta in ya fito daga ofis. Na san hannunsa da yake ɗorawa a gwiwa, da ƙaramin yatsansa na dama da ya karkace tun yana yaro, ya ce faɗowa ya yi daga bishiyar dabino aka yi masa ɗorin gida. Na san in zai faɗi abin da ba shi da daɗi sai ya kama yatsan nan yana murzawa, haka ya yi ranar da ya zo gaya mini rasuwar abokinsa. Yakan ce, "Ni'ima, kunyar nan taki ita ta fi burge ni." Ni kuwa sai in ƙara sunkuyar da kai, raina yana cewa da ka sani.

Sau ɗaya ya taɓa tambayata Sagiru. Ya san shi, Dutse ba ta da girman da mutum zai ɓoye fuskarsa, shagon fenti da siminti na Sagiru a bakin layinsu yake.

"Tambaya ɗaya zan yi, ba zan sake ba. Ya fita daga ranki?"

"Wallahi ya fita, Malam."

Kuma gaskiya na faɗa. Ku shaida, ina son Muntaka. Ina son yadda yake cire takalmi ya jera su a bakin tabarma, ina son yadda yake tambayar ciwon ƙafar Baba kafin ya tambayi lafiyata. Sagiru kuwa ko a hanya na hango shagonsa ba abin da nake ji sai haushin lokacin da na ɓata.

To bari in kai ku makaranta, don a can na haƙa wa kaina rami.

Ban da darasin aji, ina da 'yan mata ashirin da uku da na zaɓa, waɗanda hannunsu ya nuna alama. Duk Laraba bayan an tashi muna zama a wani tsohon ɗakin ajiya da shugabar makaranta, Hajiya Kubura, ta ba mu. Ba zanen kofi da mangwaro muke yi ba, sun wuce nan. Na koya musu fitar da haske da inuwa da gawayi, su murza da ɗan yatsa har baƙi ya zama toka-toka. Na koya musu haɗa launi da ruwa, mun fita bayan makaranta sun zana duwatsun garin nan lokacin da rana ta karkata. Kullum maganata ɗaya ce, har sun haddace suna kwaikwayona in na juya baya: "Ku zana abin da kuka gani, ba abin da kuka sani ba."

Wannan zangon na ce za mu yi abu biyu da suka fi wuya, fuska a takarda, hannu a yumɓu. Hajiya Kubura ta yarda da sharaɗi. Ba a gina kan mutum da yumɓu, fuskar takarda kuma dole a ja layi a wuyanta kamar an yanke don kada ta zama surar mai rai, kuma ba namijin da zai shigo ya zauna gaban 'yan mata. Na gwada sa ɗaya daga cikinsu ta zauna, minti biyu ba a yi ba aji ya kece da dariya. Sai na ce to, bari in zana musu samfuri daga kaina su bi.

Na manna babban kwali a allo. Na zana kai mai siffar ƙwai, na raba shi biyu, na sa ido a layin tsakiya, ina yi ina bayani, bakina yana aji hannuna yana aikinsa. Hanci, leɓe, haɓa, 'yar inuwa ƙarƙashin kunci. Ban tsaya tunanin fuskar wa ce ba, kamar yadda mai tuƙa tuwo ba ta tunanin muciya. Mako uku suna bi, ina zagayawa ina gyara musu.

"Malama, nan a girar fa, kuskure ne ko haka yake?" Shamsiyya ce ta tambaya, ita ta fi su ido.

"Me kika gani?"

"Kamar gashin ya yanke."

"To zana abin da kika gani."

Kun ji ni ko? Da bakina.

Bayan nan muka koma yumɓu. Muka samo shi wajen mata masu ginin tukwane, muka tankaɗe, muka haɗa da garin tsingaro don kada ya tsage, muka kwaɓa. Na gina musu hannu ɗaya a kan katako, kife kamar an ɗora shi a gwiwa, na nuna musu yadda ƙashi yake tasowa a bayan hannu, yadda jijiya take bi ta tsakani. Suka bi, kowace ta gina nata, muna rufewa da jiƙaƙƙen tsumma har suka bushe a inuwa.

Asabar da ta wuce aka yi ranar iyaye. Hajiya Kubura ta ce a baje aikin 'yan ajina a ɗakin taro. Muka manna fuskoki ashirin da uku a bango, layi biyu, muka jera hannuwa ashirin da uku a dogon teburi a ƙasansu. Na saka atamfata mai ruwan ganye da ɗigon zinariya, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara. Rabon da in ji daɗin kaina irin na ranar na manta. Iyaye suna shigowa suna cewa, "Yaran nan ne suka yi wannan? Tabarkalla!" Wani dattijo har ya ciro waya yana ɗauka.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na ga takalmin Muntaka ya shigo, baƙin nan na zuwa Juma'a, da ƙasan shadda fara ƙal. Ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Shamsiyya ta ruga ta kamo hannunsa.

"Kawu zo ka ga nawa! Ni na zo ta ɗaya!"

Na bi su a baya, kaina a ƙasa, ina murmushi ni kaɗai. Ya tsaya gaban bangon. Ya daɗe. Na ga ya dafa teburin da hannunsa na dama, a tsakanin hannuwan yumɓun. Na jira in ji tabarkalla, ban ji ba.

"Malama," ya ce a hankali, don a gaban mutane haka yake kirana, "wane ne wannan?"

"Ba kowa ba ne, fuskar koyo ce kawai."

"Ba kowa ba ne."

"Eh, daga kaina na zana musu."

"Daga kanki." Ya matsa kusa da bangon. "Har da tabon girar hagu?"

Masu karatu, a nan na ɗago na kalli bangon. Mako uku ina kallon zanen nan guda-guda, ina duba ko ido ya yi daidai, ko inuwa ta yi yawa, ban taɓa ja da baya na kalle shi a matsayin mutum ba. Sagiru ne. Sagiru ashirin da uku, wani da fensir, wani da gawayi, duk sun zuba mini ido, kowanne da layi a wuya. Kuma da yake na iya koyarwa, ba wadda ta kuskure shi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji ya ce wa Shamsiyya, "Kin yi ƙoƙari, Allah Ya yi albarka," na ga takalmin ya juya ya fita.

Ina isa gida na rubuta masa.

"Malam don Allah ka saurare ni. Wallahi ban lura ba. A kan fuskar nan na koyi zane, hannuna ne ya saba."

Ya karanta, bai amsa ba. Na sake rubutawa, na goge, na sake. Na kira sau biyu, ta yi ta ringi har ta katse. Lahadi bayan la'asar na yi wanka na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye zoɓo mai sanyi a jug. Har aka kira magariba ba mashin ɗin da ya tsaya a ƙofarmu. Dada ta leƙo ta ga kujera ba kowa, ta kalle ni, na ce ƙila aiki ne ya riƙe shi.

Abin da ban sani ba, an ba wa Shamsiyya zanenta ta tafi da shi gida tare da kyautarta. Yarinya ba ta san komai ba, ta manna shi a falonsu. Uwarta, yayar Muntaka, a shagon Sagiru ta sayi fentin gidanta. Kafin azahar ɗin Litinin labari ya zaga Yalwawa ya tsallako Takur, kuma ba wanda ya kawo shi gidanmu sai Goggo Larai. Na dawo daga makaranta ko hijabi ban cire ba na same ta zaune a kan turmi.

"Sannu da zuwa, mai zane. Ashe ajin soyayya kika buɗe? An ce kin sa 'ya'yan mutane sun cika bango da hoton tsohon saurayinki, kin gayyato sabon ya zo kallo."

"Goggo wallahi ba haka ba ne, ban san..."

"Ba ki san me ba? Hannun na wani ne? Ai labarin zuciya a tambayi fuska, ke kuwa har ashirin da uku kika ba su su tambaya."

Dada tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba, cewa ta yi, "Ni'ima, abu ɗaya na roƙe ki," sai ta koma ciki. Ina jin ta tana jan hanci tana juya miya. Baba bai sani ba har yanzu, mun bar shi yana lissafin kujerun da za a aro.

Da yamma saƙon Muntaka ya shigo. Na buɗe.

"Ban ce kin yi mini ƙarya ba. Abu ɗaya nake so. Ki zana tawa fuskar daga kanki, yadda kika zana waccan. Kada ki duba hoto. Na yarda da amanarki."

Kun san me? Murna na yi. Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Na ɗauko takarda mai kyau, na fere fensir, na zana ƙwai, na raba shi biyu. Sai na tsaya.

Na san Muntaka. Ko cikin mutum dubu zan nuna shi, na sha satar kallonsa in ya juya zai hau mashin. Amma gane mutum daban, zana shi daban. Zane yana son ka zauna ka kalli mutum har ka san inda hancinsa ya fara, nisan leɓensa da haɓarsa, ko idonsa a zurfafe yake. Ni ban taɓa ba. Wata takwas ina zaune taku biyu daga fuskar nan, ina kallon tabarma.

Na ce bari in bar hannu ya tafi, ƙila ya sani. Ya tafi kuwa, ya nufi inda ya saba. Tun daga karan hanci na gane inda za shi, na yaga. Na sake. Na sa gemu irin na Muntaka, na sa hula, sai ga Sagiru da gemu da hula. Takarda tara na ɓata tsakanin Litinin da Talata. Sabo turken wawa, ni ce wawar. Na ɗauki waya har na shiga neman hotonsa a shafin ma'aikatarsu, na tuna ya ce ya yarda da amanata, na ajiye. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kwashe akwatuna, don wancan karon an zalunce ni ne, wannan karon ban san wa zan ce ya zalunce ni ba.

Jiya Laraba na tafi ajinmu kamar wadda aka daka. Fuskokin na riga na sa an cire, Hajiya Kubura kuwa kallon tausayi kawai ta yi mini, wanda ya fi faɗa ciwo. Muka zauna muna naɗe hannuwan yumɓun a tsohuwar jarida, za a kai wa masu tukwane su gasa. Shamsiyya ba ta zo ba. Wata 'yar ƙarama mai surutu ta ɗaga nata tana juyawa.

"Malama, ni fa tun ranar nake so in tambaya. Me ya sa ƙaramin yatsan ya karkace? Ni nawa a miƙe yake, na kowa ma a miƙe yake."

Na karɓa na duba. Na ɗauki na kusa da shi. Na warware waɗanda muka naɗe. Na jawo samfurin da na gina da kaina daga ƙarƙashin teburi. Hannun dama, kife kamar a kan gwiwa, faffaɗan farce a babban yatsa, jijiya biyu da suka haɗu kusa da wuyan hannu, ƙaramin yatsa a karkace daga gaɓa ta biyu.

Hannun Muntaka ne. Ashirin da uku, da nawa ashirin da huɗu. Ranar Asabar a tsakaninsu ya dafa nasa, yana kallon bango. Shi bai duba ƙasa ba, ni ma ban lura ba, duk wanda ya shiga ɗakin nan fuska ya kalla.

Na ce wa yara su tafi gida. Na zauna a ƙasa cikin jaridu, ina dariya ina hawaye. Na ɗauki hoton hannun ta gefe uku na tura masa.

"Malam, na kasa zana fuskarka, ba zan ɓoye maka ba. Dada ta sa na yi alkawarin ba zan kalle ka ba, ban kuma kalla ba. Amma dubi abin da na gina daga kaina, tun kafin wannan magana ta taso. Wancan tsohon karatu ne. Wannan shi ne abin da nake kallo wata takwas."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Sai can ya turo: "Zan zo gobe bayan la'asar."

Yau ke nan. Na saka doguwar riga baƙa mai aikin zare a wuya, na yafa mayafin da ya taɓa cewa ya yi mini kyau. Na naɗe hannun yumɓun a ɗankwali. Zan fita Dada ta tare ni a bakin ƙofa, idonta ja.

"Ki ba shi haƙuri. Ki durƙusa. Kuma Ni'ima, ki kalli..."

"Dada, yau kam ki yafe mini."

Na same shi a kujerarsa, ya jera takalmansa a bakin tabarma kamar kullum. Na gaishe shi, na zauna, na yi bismilla a raina na ɗago kai. Sai na tarar shi nasa kan a ƙasa yake. Saman hularsa kawai nake gani.

Na warware ɗankwalin na ajiye hannun a kan tabarma kusa da ƙafarsa. Ya sunkuyo ya ɗauka. Ya ɗora shi a gwiwarsa ta hagu, nasa yana ta dama, ya daɗe yana kallon su biyun.

"Har da farcen," ya ce.

"Har da shi."

"Ni'ima, na yarda da ke. Tun jiya na yarda."

Har na buɗe baki zan ce alhamdulillahi. Sai na ga ya kama ƙaramin yatsan nan yana murzawa. Ban buƙaci ya faɗa ba, amma ya faɗa.

"Yaya ta kai wa Innarmu zanen. Inna ta kira Baffa. Na nuna musu hoton hannun a waya, Inna ta ce ita ba ta san hannu ba, fuska aka kawo mata, kuma fuskar duk unguwa an gani. Ta ce ba za ta iya shiga gidan suna ana nuna ta ba. Baffa ya ce Asabar ba za su zo ba."

"To wace Asabar ɗin za su zo?"

Ya ci gaba da murza yatsan.

"Malam, wace Asabar?"

A nan ya ɗago. Karo na farko muka haɗa ido, ni da mutumin da nake so in aura. Ban sauke ba. Goshinsa yana da faɗi, da layi biyu a tsakanin gira. Idonsa ƙanana ne, na dama ya ɗan fi na hagu runtsewa, kuma cike suke da ruwa. Hancinsa gajere ne mai faɗin ƙasa, ko kusa bai yi kama da wancan ba. Akwai furfura uku a gemunsa ta gefen hagu. Haske yana shigowa ta ƙofar zaure yana bugun rabin fuskarsa, na ga komai. Shi ma bai kawar da kai ba, ya bar ni na kalla har na ƙoshi.

"Ashe haka idonki yake," ya ce. "Da kin kalle ni tun farko."

Ya ajiye hannun yumɓun a kan kujera a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya saka takalmansa. Ya ce in gaishe da Baba, ya tambayi ƙafarsa. Na ji ya tayar da mashin, na ji ƙararsa har ya sha kwanar masallaci.

Na shigo ɗaki ban kula Dada da take tambayata ba. Na ɗauki takarda ta goma da guntun gawayi. Minti ashirin ban ɗaga hannu ba, ban goge ko layi ɗaya ba. Ga shi nan a gabana yanzu, Muntaka ne, da layin goshinsa da furfurarsa uku da ruwan da ke idonsa. Duk wanda ya san shi ya gani zai kira sunansa. Na kasa jan layin wuyan.

Na ɗauki hoton zanen na tura masa, na rubuta a ƙasa: "Ga abin da ka tambaya. Ban duba hoto ba."

Tik ɗaya ya nuna, alamar saƙon bai isa gare shi ba. Na ce ƙila yana kan mashin. Aka yi magariba na duba, ɗaya. Na fita tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi, na ɗaga wayar sama, ɗaya. Hoton bishiyar dabinon da yake kan lambarsa ma babu shi, sai farar da'ira, irin wadda ake gani in mutum ya toshe lambarka.

Yanzu Baba ya dawo daga masallaci, ina jin shi daga nan yana tambayar Dada ko kujeru talatin za su isa.